Watandar Agogon Bature

"Kowa ya kwanta! Lie down! Duk wanda ya ɗaga kai sai na fasa shi!"

Tau! Tau!

Harsashi biyu Talle ya saki sama. Mai gwanjo, wani Bayarabe mai ƙaton tumbi, yana tsaye kan tebur da ƙararrawa a hannu. Ya riga ya ce "going" sau biyu, na ukun ya maƙale masa a wuya. Sai ga shi a ƙasa ya rungume ciyawa.

Rana tsaka ce, wata Asabar cikin 1972, a unguwar Turawa ta Ikeja. Wani Bature ne ya gama zamansa zai koma gida, aka fito da kayansa fili ana gwanjo. Ga gadajen tagulla, ga fitilu, ga madubai, ga tasoshin Bida masu murfi. Masu sabon kuɗin Legas duk sun hallara, irin waɗanda bara a ƙafa suke yawo, bana kuma wai sai kujerar da Bature ya zauna a kai. To ga su nan birjik a ƙasa cikin leshi, kowa ya cusa hanci a turɓaya.

'Yan fashin su uku ne. Talle ne babba, tsohon soja, ya dawo daga yaƙin basasa da bindigar da bai mayar ba. Shitu direba, haifaffen Agege, yana bakin ƙofa cikin fijo, inji a kunne. Na ukun Iliyasu ne, mahauci, yau ce fitarsa ta farko. Ya ɗaure fuska da ƙyalle, barandami a hannu.

"Agogon!" Talle ya daka masa tsawa. "Ɗauko agogon, ɗan iska, me kake kallo?"

Agogon yana kan wani tebur shi kaɗai. Baƙin katako ne, tsayinsa kamu biyu, a samansa an kafa tulluwa biyar masu ruwan zinariya. Huɗu a kusurwoyi, kamar ƙwan kaza. Ta tsakiya ta fi su girma, da tsuntsu a kanta ya buɗe fiffike. Shi kaɗai suka zo ɗauka. Hamidu dillali, mai baje wa Turawa kayan tarihi a bakin otal, shi ya ce yana da mai so, kuma mai son ba ya sha'awar tsayawa ana yi masa tayi a kai.

Iliyasu ya soke barandami a ƙugu, ya rungumo agogon. Ya juya ke nan —

"Kai, ɓarawo! Aje shi!"

Wani dogo ne ya fito daga bayan gida a guje, da sanda. Iliyasu ya gane shi nan take. Harouna ne, maigadin gidan, mutumin Tawa ta Nijar. Yayan Balkissa matar Iliyasu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya raine ta, shi ya kawo ta Legas, shi ya ba Iliyasu aurenta. A bakinsa ma Iliyasu ya tsinci labarin gwanjon suna cin tuwo, ya kwasa ya kai wa Talle, har da rantsuwa cewa Harouna ba ya aiki ran Asabar. Bai san Bature ya roƙe shi ya zo saboda taro ba.

Harouna ya yar da sanda ya cafki agogon. Suka shiga ja. Sai idonsa ya sauka kan hannun ɓarawon, hannun hagu mai dungun yatsa, wanda wuƙar kwata ta cinye tun tuni. Ya ɗago kai.

"Iliyasu? Kai na?"

Tau!

A ƙirji harsashin Talle ya sami Harouna. Ya durƙusa, hannunsa bai saki agogon ba. Jini ya feso kan ƙafafun Iliyasu, da ɗuminsa. Talle ya sa takalmi ya take wuyan hannun, ya fizge Iliyasu.

"Mota! Mota!"

Shitu ya figi fijo, tayoyi suka yi ƙara. Suka ratsa ta gaban wata danfo, kwandasta ya bi su da ashar.

"Ka ce ba za a kashe kowa ba!" Iliyasu yake ihu a kujerar baya. "Ka rantse mini!"

"Kai ma ka rantse ba ya zuwa ran Asabar," in ji Talle, ko waiwaye bai yi ba. "Ya kira sunanka. Ka fi so a ɗaure ka a jikin ganga a Bar Beach a harbe ka, Legas duka tana kallo?"

"E dake! Ku yi shiru make I see road!" Shitu ya ce.

Iliyasu ba gangar yake tunani ba. Abu guda ya tsaya masa a rai: kada Balkissa ta sani. Komai zai iya ɗauka ban da wannan.

*

A wani tsohon sito na fatu bayan Iyana Ipaja suka yi da Hamidu za su haɗu. Suka jira har inuwa ta juya, ƙudaje na bin su. Hamidu bai zo ba. Labarin gawa ya riga su isa wurinsa, dillali kuwa ba ya son kayan da ke ɗiga.

"Zan ajiye shi a wurina," Talle ya ce.

Shitu ya yi dariya. "Haba oga. Ka ajiye, gobe mu ji kana Kwatano? Ko jo rara. Ba zai yiwu ba."

"To a wurinka?"

"Why not?"

Talle ya gyara riƙon bindiga. Shitu ya sa hannu a aljihu. Iliyasu dai so yake ya bar wurin, sai ya faɗi abin da kowane mahauci zai faɗa in an rasa yadda za a yi da sa guda tsakanin mutane da yawa.

"A yi watanda."

Suka dube shi.

"A raba shi kashi uku. Kowa ya riƙe nasa. Ba mai iya sayarwa sai da 'yan'uwansa."

Haka aka yi wa agogon da ya girmi kakanninsu. Suka murɗe tulluwar nan ɗaya bayan ɗaya. Gangar jikin kashi guda, ƙananan huɗu kashi guda, mai tsuntsu kashi guda. Shitu ya juya baya kamar yadda ake yi a kwata, Iliyasu yana nunawa da tsinke.

"Wannan na wa?"

"Na oga."

"Wannan fa?"

"Nawa."

Talle ya sami gangar jikin, Shitu ƙananan; saura mai tsuntsu, ta faɗo wa Iliyasu. Ya kwance ƙyallen fuskarsa, ya goge ƙafafunsa da shi, ya naɗe ta a ciki.

Tun daga bakin layin dogo ya jiyo kukan. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida cike da mata, Balkissa tana birgima a tsakiyarsu, ɗankwali ya faɗi. Ba wanda ya kula da shi. Ya faɗa ɗaki, ya dudduba. Ƙarƙashin gado? Kullum ana shara. Cikin akwati? Kullum tana buɗewa. Sai ya ɗaga kai ya ga jere: kwanonin Balkissa na aure, samiru da langa-langa, an ɗora su kan kabad har sun kusa taɓa rufi. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin an ci ko loma a cikinsu ba. Ya taka gado, ya buɗe na can ƙoli, ya jefa ƙullin, ya rufe.

Namiji ke nan. Ya shekara yana kwana a ɗaki, amma bai san abin da ke cikinsa ba sai abin da ya ga dama.

Ya fito ya kama matarsa. Ta ƙanƙame shi tana cewa, "Sun kashe mini uwa da uba, Malam! Mi ya yi musu? Mi ya tare musu?" Ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, wannan kam ba zan ɗauke masa ba. Da aka karɓo gawa daga asibiti, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Mutanen Agege suka yi ta cewa Allah ya ba kowa suruki irin Iliyasu.

*

Sajan Sunusi na ofishin 'yan sandan Ikeja bai da saurin magana, ga shi da son goro, shi ya sa ake masa kallon sakarai. Ya zagaya filin gwanjon, ya tsaya gaban mai ƙararrawa.

"Akwatin kuɗinka fa?"

"E dey, oga. Dem no touch am."

"Sarƙoƙin matan nan?"

"Nothing. Only clock."

Sajan ya tofar da tukar goro. Ɓarawon da ya tsallake kuɗi ya ɗauki katako, aiko shi aka yi. Masu aiken irin wannan kuwa ba su da yawa, duk a bakin otal suke zaune. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana taya abin da ba zai saya ba. Kowa na nan sai Hamidu, wai zazzaɓi ya kwantar da shi tun Asabar.

A bayan landiroba zazzaɓin ya warke. Kulki biyu kacal ya sha.

"Wallahi ranka ya daɗe ban ce su yi kisa ba! Talle ne, da Shitu direba!"

"Shaidu sun ce su uku ne."

"Na ukun ban san shi ba. Na rantse da abin da zai kashe ni!"

"To ka aika wa Talle. Ka ce mai saye ya matsu, a kawo agogo cikakke, gobe kafin la'asar."

Sajan ya sa mutum biyu cikin farin kaya su bi Talle a hankali. Ya tabbata duk inda na ukun yake, Talle zai kai su.

*

Washegari da hantsi Talle ya sami Shitu a wani lungu bayan tasha, yana wanke fijo. Ya shiga gaba ya zauna, ya yafito shi.

"Hamidu ya aiko. Kawo naka."

Shitu ya shigo yana goge hannu. "Oga, wannan aike yana wari. Mutumin da ya gudu ran Asabar, yau shi ke kiranmu? Na trap."

"Ban tambaye ka ba. Kawo."

"Ni fa na gama. Yau zan wuce Ibadan." Ya buɗe aljihun mota, ya zaro ƙulli. "Ga uku."

"Uku?"

"Na kai ɗaya wurin maƙerin zinariya ya gwada. Oga, tagulla ce! Ruwa kawai aka shafa mata. Saboda tagulla muka kashe mutum!"

"Ina take?"

"Ya narkar da —"

Bai ƙarasa ba. Talle ya damƙi ƙeyarsa ya buga goshinsa a sitiyari. Hon ya yi ƙara. Banati, wuƙar soja, ta shiga ƙarƙashin haƙarƙari, ta fita, ta sake shiga. Shitu ya yi ta shure-shure yana kiran uwarsa da Yarbanci, har ƙafarsa ta daina. Talle ya goge banatin a kujera, ya ɗauki ƙullin, ya rufe ƙofa a hankali kamar mai gudun tada barci.

Masu farin kaya suna tsallaken titi wurin mai burodi. Sun ga shigarsa, sun ga fitarsa. Ɗaya ya leƙa motar ya ja da baya yana salati, ya ruga kiran Sajan. Ɗayan ya bi Talle.

*

A ranar ake sadakar uku. Maza sun cika tabarmi a ƙofar gida, mahauta da fatake da 'yan Nijar masu gadi. Iliyasu ya yanka rago da hannunsa, ya feɗe, ya bar wuƙar a kan turmi bakin ɗaki, ya koma cikin maza yana amsa gaisuwa.

Cikin gida kuwa abinci ya nuna, kwanoni sun kasa. Zuliha, maƙwabciyarsu, ta leƙa ɗaki inda Balkissa take zaune a ƙasa.

"Balkissa, mutane sun fi ƙarfin kwanonmu. A sauke jere?"

"Sauke, Yaya. In ba a ci a cikinsu yau ba, sai yaushe?"

Abin da Iliyasu bai sani ba ke nan. Jere ba ya sauka don tuwon maigida, amma yana sauka ranar suna, yana sauka ranar mutuwa.

Zuliha ta taka kujera ta fara daga ƙoli. Kwanon farko ya yi ƙwal-ƙwal a hannunta.

"A'a, me kika ɓoye a nan?"

Ta miƙo. Balkissa ta buɗe. Ƙyallen ta fara ganewa, yankin tsohon zanenta ne da ta ba mijinta yana goge wuƙa, ya bushe ƙamas da jini. Ta warware. Tsuntsu ya fito da fiffikensa a buɗe.

Ta san shi. Sau nawa tana kai wa Harouna fura gidan Bature, ya ja ta bakin taga ya nuna mata, yana cewa shi ke goge shi in kuku ya yi ƙiwa. Kwana uku kuma ba abin da ake faɗa a Agege sai agogo mai tsuntsu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya, kira mini shi."

Iliyasu ya ɗaga labule, ya ga abin da ke hannunta, ya jingina da bango.

"Iliyasu." Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba sai yau. "Jinin wa ke ga tsumman nan?"

"Balkissa, tsaya ki ji. Ba ni na harba ba. Wallahi ban san yana —"

"Jinin wa?"

"Salamu alaikum."

Talle ne a bakin ƙofa cikin babbar riga. Ya zauna da maza, ya shafa fatiha tare da su, sannan ya taso ya kutso cikin mata ba kunya ba tsoron Allah. Ya dubi tulluwar, ya miƙa hannu.

"Amarya, kawo. Ajiya ce."

Balkissa ta dube shi, ta dubi mijinta. Ta ƙanƙame tsuntsun a ƙirji, ta buɗe murya iyakar ƙarfinta.

"Jama'a! Ga su nan! Ga waɗanda suka kashe Harouna!"

Babbar riga ta ɗage — bakin bindiga ya fito! Iliyasu ya yi tsalle ya shiga tsakani.

Tau!

Kafaɗarsa ta tarwatse. Harsashin ya wuce ya daki jere, kwanoni suka zubo kamar ruwan ƙanƙara. Mata suka watse da kururuwa. Iliyasu ya rungumi Talle, suka faɗo tsakar gida tare, suka kifar da tukunyar miya. Talle ya hau kansa yana laluben banati. Hannun Iliyasu mai lafiya ya kai kan turmi.

Ya san inda ake sa wuƙa. Ya yi wa bijimai dubu. Ja ɗaya ya yi.

Talle ya kama wuyansa da hannu biyu, ya miƙe, ya yi taku kamar zai fita, ya faɗi cikin wanke-wanke. Jini ya bi magudana ya fita waje, ta gaban tabarmin masu gaisuwa.

"Police! Kada kowa ya motsa!"

Sajan Sunusi ya shigo da mutanensa. Da ƙyar suka ƙwaci Iliyasu, don 'yan Nijar sun ɗauko taɓare, mahauta 'yan'uwansa kuma ba wanda ya ɗaga yatsa ya hana. Aka ja shi ƙasa zuwa landiroba. Balkissa ta tako har gaban Sajan, ta sa masa tsuntsun a hannu, ta koma ɗaki.

*

Harouna ya tafi, Shitu ya tafi, Talle ya tafi. Hamidu ya zama shaidan gwamnati, bai yi wata biyu ba ya koma bakin otal yana washe wa Turawa haƙora, abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Agogo aka harhaɗa shi, kusurwa guda ba tulluwa, aka aika wa mai shi. Kotun fashi ta yanke wa Iliyasu harbi.

Ana saura 'yan kwanaki aka ce yana da baƙuwa. Ya fito da sarƙa a ƙafa, hannu guda a shanye. Balkissa ce a bayan waya, ta rame, Zuliha na gefenta. Ya ji wani sanyi a ransa. Ya ɗauka ta tuna wanda ya tare mata harsashi.

"Balkissa, kin zo. Ki yafe mini, don Allah, ko na samu —"

"Ba shi ya kawo ni ba." Muryarta ba ta rawa. "Na tambayi malamai. Sun ce in ka mutu da igiyata a hannunka, dole in yi maka takaba. In zauna a ɗaki, in bar ado, ana shigowa ana yi mini gaisuwarka. Ni kuwa ba ni iyawa. Ka sake ni."

Ya kama wayar da yatsunsa. "Abin da ya rage mini ke nan a duniya. A ce na mutu ina da mata."

"Ni ma shi kaɗai ya rage mini, kuka kashe shi."

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, alamar lokaci na tafiya. Iliyasu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan sarƙa.

"Na sake ki."

"Ɗaya ba ya isa. In suka harbe ka ban gama idda ba, takaba na nan. Wannan ma na tambaya. Saura biyu."

Ya daɗe yana kallonta, ko zai ga wani abu a fuskar. Bai gani ba.

"Na sake ki. Na sake ki."

Ta juya wurin gandiroban. "Ka ji, ko? Yaya Zuliha, kin ji?"

Suka ce sun ji. Ta gyara mayafinta, ta fita, ba ta waiwayo ba.